Mai Makulli da Likita Watakila

"To shi ne nake gaya maka, ko sau ɗaya ba ta taɓa ce mini ƙofar a kulle take ba," in ji mijin yayata, yana hure garin ƙarfe daga jikin makullin da yake yanka mini. "Mace ta yi karatu har ta yi furfura, amma wannan 'yar maganar ta gagare ta."

"To me take cewa?"

"Watakila. In ce mata, Likita, don Allah na kulle shagon nan kuwa? Sai ta gyara zaman tabarau ta ce, watakila ka kulle, watakila ba ka kulle ba. Ka ji fa. Wannan amsar ko kai da ka faɗi jarabawa za ka iya bayarwa."

"Ban faɗi ba, Yaya. Sakamakon ne bai yi kyau ba."

"Haka ɓarayi ma suke cewa, ba sata suka yi ba, kayan ne suka biyo su."

Na je shagonsa ne ranar don makullin ɗakina ya fara tsagewa, ina so a yanka mini wani kafin ya karye a cikin ƙofa. Kowa a layin Mai Makulli yake ce masa, har 'ya'yansa in suna neman tsokana. Shagon ɗan tsukuku ne tsakanin na tela da na mai gyaran waya, in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya fita kafin ɗayan ya juya. Bango guda katako ne da aka jera wa ƙusoshi, makullan mutane suna rataye a jiki. Ga injin yanka a kan tebur, ga magagari manya da ƙanana, ga gwangwanin madara cike da sukurori. A wurin mahaifinsa ya koyi aikin, kuma hannunsa yana da kyau. Kwaɗon da makullinsa ya ɓace, kafin ka gama ba shi labarin yadda ya ɓace ya buɗe maka shi da 'yar waya.

Na san ya yi rashin lafiya, amma a ƙus-ƙus ɗin gida na sani. In na shigo ana maganar, sai Anti, wato yayata, ta aike ni ɗebo ruwa. Ban taɓa ji daga bakinsa ba sai ranar. Kasuwa ta yi sanyi, ni kuma ba ni da saurin tashi, sai ya kashe injin ya ci gaba.

"Abin a hankali ya shigo ni, kamar gara," ya ce. "In tashi aiki in kulle, in kai kwanar layi, sai wani abu ya ce mini, anya ka kulle? In dawo in girgiza kwaɗon. A kulle yake. In juya, sai ya ce, to da ka girgiza ɗin, ina ka san ba ka sassauta shi ba? In sake dawowa in girgiza don in ga ko girgizar farko ta yi ɓarna."

Ba kayansa yake ji wa tsoro ba. Ya nuna mini katakon makullan. Wannan na gidan wani ne, wancan na shagon wata, ga na ɗakin ajiyar wata makaranta. A ransa in ɓarawo ya shiga nan, ba shago ɗaya ya fasa ba, unguwa ya fasa, kuma gobe da safe sunansa za a kira.

"Da wani ne sai ya nemi magani. Ni da yake gwani ne, sai na ƙara kwaɗo. Na ƙara wani. Na sa sakata sama da ƙasa. Ƙofar nan da kake gani sai da ta koma kamar ƙirjin tsohon soja ranar fareti. Kuma kowane kwaɗo yana da tasa girgizar, ba a yi wa wani a bar wani. Garin neman ƙiba na samo rama."

Tela shi ya fi kowa jin daɗin abin. In ya ga ya dawo sai ya ɗago kai daga kan keke ya ce, "Mai Makulli, sannu da zuwa. Ya hanya? Ya mutanen kwanar layi?" Anti kuwa tausayi ne ya sa ta riƙa biyo shi da yamma, ta tsaya ta gani da idonta, don in sun isa gida ta rantse masa an kulle. Rantsuwar takan riƙe shi har a gama cin abinci, daga nan sai ya fara tambayarta ko lokacin da take kallo hankalinta yana wurin. Ya koma ɗaukar hoto da waya.

"Wayata babu hoton 'ya'yana ko ɗaya, duk kwaɗo ne. Kwaɗo daga gaba, kwaɗo daga gefe. In buɗe in kalla, sai abin ya ce, anya ba hoton jiya ba ne?"

Ya yi dariya, ni ma na yi, amma sai ya ɗauki magagari yana goge makullina a inda ba ya bukatar guga.

Mahaifiyarsa tana garinsu, tafiyar wuni guda a mota, a hannun babbar yayarsa. Ƙafa ta ƙi, ido yana tafiya. Shekaru suka yi ta wucewa bai je ba, don zuwa yana nufin kwana, kwana kuma yana nufin barin ƙofa. Ba wai bai gwada ba. Ya sha zuwa tasha da jaka, ya zauna a mota, sai ta cika direba ya tayar, shi kuma ya ce a buɗe masa. Akwai ranar da ya kai gidan man bakin gari, ya ce zai zaga, bai koma ba. Jakarsa ta je garin ta gaida mutane, shi yana nan yana girgiza kwaɗo.

Sai wata rana yayarsa ta kira. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Ta ce, "Inna ta ce in tambaye ka, ko wani laifi ta yi maka, ka yafe mata."

"A nan na zauna," ya ce, ya nuna ƙasan teburin. "Ƙato da ni, na yi ta kuka. Tela ya leƙo zai yi tsiyarsa, ya ga abin da ya gani, ya koma ya tayar da keke da ƙarfi don kada mutane su ji."

Anti ce ta kai shi asibiti, ɓangaren masu lura da lafiyar ƙwaƙwalwa. Ya ja hula har gira, ya gaya wa mutanen layi haƙori zai cire. Ɗakin likitar yana ƙarshen baranda. Kujera biyu suna fuskantar juna, babu tebur a tsakani, fanka tana kuka a sama, ga wata shuka a tukunya da ba ta mutu ba, ba ta kuma rayu ba. Abin da ya fara gani shi ne hannun ƙofar yana rawa.

"Dattijuwa ce, ba ta da tsawo, muryarta ƙasa-ƙasa. Na zayyana mata komai, ina jira ta yi dariya ko ta kira ƙarti su riƙe ni. Sai ta ce, lallai ka sha wahala. Shi ke nan. Ni da na zo da shirin kare kaina, sai na rasa inda zan sa hannuna."

Ta gaya masa ciwon waswasi ne, masu shi sun fi yadda yake zato yawa, kuma ana samun sauƙi. Wani likita zai rubuta masa magani, ita kuma za su riƙa zama duk Talata. Daga nan ta tambaye shi yadda cikin kwaɗo yake, me yake faruwa in an murɗa makulli. Ya ce ya yi zaton dabara ce, amma da ya ga da gaske take saurare, ya yi ta bayani har lokaci ya ƙare, har da zane a tafin hannu.

Aikin da ta ba shi ba ya da wuyar faɗa. A cire kwaɗo ɗaya-ɗaya. A kulle sau ɗaya, a tafi kwanar layi, a tsaya. Zuciya za ta buga, gumi zai zubo, abin zai yi ta ihu a koma. Kada a koma, kada kuma a yi gardama da shi, a bar shi ya yi ihunsa har ya gaji. Ta kira Anti ta roƙe ta ta daina rantsuwa, don kowace rantsuwa abinci ce ake ba ciwon.

"Yayarka kuwa kamar jira take. Ta zama Watakila ƙarama. In ce, kin ga na kulle? Watakila. In ce, akwai sauran abinci? Watakila."

"Ka bi dokar dai?"

"Ni? Kai ma ka san amsa. Na daina komawa duba kwaɗo, gaskiya ne. Sai dai na zama mai zumunci. In kai gida sai in tuna ban yi wa tela sallama da kyau ba. In dawo in gaishe shi, ido ɗaya a kansa, ido ɗaya a ƙofata. Mai gyaran waya kuwa ya gaji da duba wayar da ba abin da ya same ta. Ran Talata in je in ce wa Likita komai lafiya lau."

Ita kuma sai ta ce madalla, ta tambayi yara, ta tambayi barci. Ba ta tsare shi da ido ba, ba ta yi masa tarko ba. Shi da kansa ƙaryar ta yi masa nauyi, wata Talata ya fasa ƙwai. Ya sunkuyar da kai yana jiran ruwan faɗa.

"Ka san me ta ce? Na gode da ka gaya mini, daga nan za mu tashi. Sai kuma ta ce dabarar gaisuwar nan ba ta taɓa jin irinta ba, ciwon nawa yana da ladabi. Wallahi sai na ji haushi. Ni na saba in ka yi laifi a wanke ka tas, ka ji zafi, a wuce wurin. Wannan da ba ta faɗa, ina zan kai kunyar?"

Kwaɗo suka ragu, ya fara isa gida da sauran rana. Ganin haka sai ya yi gaggawa. Likita ta ce a fara da wuni ɗaya ba ya buɗe shago, ba ya kuma leƙowa, shi ya ce ya warke, gari zai tafi. Ta ce tana ganin da sauran lokaci, amma in ya tafi tana tare da shi. Ya kira yayarsa ya ce a gaya wa Inna yana hanya. Aka share ɗaki, aka zaunar da tsohuwa a bakin ƙofa. Shi kuwa ko tashar bai shiga ba, daga bakin ƙofarta ya juyo.

Talatar da ta biyo baya ya shiga ɗakin a fusace.

"Ban zauna ba. Na ce mata, ke uwarki ce take kwance? Kina zaune ƙarƙashin fanka kina ta watakila, watakila, mutum yana mutuwa a tsaye. Na faɗi maganganu, ƙanena, waɗanda ko tela ban taɓa gaya wa ba. Ta bar ni na gama. Sai ta ce, a'a, taka ce take kwance, shi ya sa nake nan. Ni kuma da yake jarumi ne, na fita na buga mata ƙofa. Ina ji hannun ƙofar ya faɗi ƙasa, ƙwal, yana gangarawa. Ban waiwaya ba."

Ya daina zuwa, ya daina shan magani, ya mayar da kwaɗonsa duka har da ƙarin sabo. Watanni suka shuɗe. Daga asibitin aka turo saƙo a waya, ba dogo ba: Likita ta ce Talatarka tana nan. Bai amsa ba. Can aka sake turo irinsa, babu ƙari babu ragi, babu ina ka shiga.

"Da ta ce na ba ta kunya, da na samu abin riƙewa. To ba ta ce ba. Kullum in na kwanta, ba maganar da na gaya mata ce take damuna ba, hannun ƙofar nan ne. Ina ta tunanin wane maras imanin za su kira ya ɗaura musu shi a karkace."

Wata Talata ya ɗauki jakar kayan aiki ya tafi. Ya gaya wa ma'aikaciyar da ke bakin baranda gyara ya zo yi. Ya tarar an ɗaure hannun ƙofar da bandeji. Likita ta ɗago kai ta gan shi, ta ce, "Sannu da zuwa, Mai Makulli," kamar jiya suka rabu. Ya ce wucewa yake yi ya ce bari ya duba ƙofar. Ta ce ai kuwa ta gode, ta gaji da ɗaurin. Ya durƙusa ya kwance, ya canza sukurori, ya ɗiga mai. Ya ja aikin iya jansa, har abin da bai lalace ba ya gyara, ita tana ta rubuce-rubucenta. Da ya rasa abin taɓawa ya fara tattara kaya, sai ta ce, "Gwada shi sau ɗaya, ka zo ka zauna. Lokacin naka ne, ban ba kowa ba."

Ya zauna ya fara ba da haƙuri. Ta ce ta karɓa, maganar ta yi mata zafi a ranar, amma ta san daga inda ta fito. Ya ce ai ya ɓata komai, kwaɗo sun fi na da yawa. Ta ce, "To mun san hanya, mun taɓa bin ta. Ba sai ka yi ƙoƙari ne kake da kujera a nan ba. Ranar da ka kasa ma taka ce."

Da ya kawo nan a labarin, sai ya leƙa waje kamar wani ya kira shi. Keken tela yana ta tafiya a maƙwabta.

Suka sake daga farko, wannan karon a hankali. Wuni ɗaya babu shago. Kwana ɗaya a gidan abokinsa a wata unguwa. Ya faɗi ya tashi, ya faɗi ya tashi, har ƙofar ta koma kwaɗo ɗaya kamar ta kowa. Da maganar tafiya ta taso bai gaya wa yayarsa ba, don kada a sake zaunar da tsohuwa a banza. Likita ta ba shi lambar ofis, ta ce in abin ya yi tsanani ya kira a lokacin aiki.

"Dokar ita ce, kulle, kada ka girgiza, kada ka kalla, tafi. To ni ɗalibi ne mai ƙwazo. Da safen nan na ja ƙofa, na kawar da kai gefe, na runtse ido, na danna kwaɗo, na ji ƙas. Na zuba hannu a aljihu na ba ƙafa iska. Ban tsaya ba sai cikin mota."

"Ba ka sauka ba?"

"Ina! Na zauna can ƙurya, na sa wata mata mai buhu ta tare ni. Mun wuce gidan mai, na ce masa sai wata rana. Gumi ya jiƙa ni sharkaf, na kusa da ni yana ta yi mini sannu. A hanya na riƙa jin aljihuna da nauyi, wani abu yana dukan cinyata. Hannuna ya tafi zai duba, na ce a'a, na gane ka. Waswasi ne ya canza riga. Watakila akwai nauyi, watakila babu. Har yaba wa kaina nake yi."

Da la'asar ya sauka, ya taka har ƙofar gidansu. Ya sa hannu a aljihu zai ciro hankici ya share fuska kafin ya yi sallama, sai ya ciro kwaɗon shagonsa, a kulle gam.

Na yi ƙoƙarin riƙe dariya, ta ƙi.

"Yi abarka, kowa ya yi. Ido a rufe na danna shi a iska, bai ko shiga ƙarfen ƙofar ba. Shekara da shekaru ina komawa duba ƙofar da take a kulle. Rana ɗaya tak da na bar ta a buɗe, ranar ce ban koma ba."

Amma a lokacin ba dariya ba ce. Ga muryar Inna yana jiyowa daga cikin gida tana kiran jikarta, ga motar ƙarshe mai komawa tana lodi a tasha. Ya ce har ya juya. Sai ya jingina da bango ya kira lambar, Allah ya sa ba ta tashi ba.

"Na ce, Likita, yau babu watakila, ga shi a hannuna. Kin ga abin da nake gudu? Ta ce, kana ina yanzu? Na ce ƙofar gida. Ta ce, ka ga Inna? Na ce ban shiga ba, komawa zan yi. Ina jira ta ce kada ka kuskura, duk wahalarmu za ta tashi a banza. Sai ta ce, in ka koma, Talata ina nan. In ka shiga, Talata ina nan. Ba abin da zai canza tsakanina da kai. Amma ka yi tafiyar wuni guda, kuma ba wurina ka yi ta ba."

Ya ce mata to makullan mutane fa? Ta ce wannan karon gaskiyarsa ne, ƙofa a buɗe take, ba ciwo ne yake magana ba. Ta tambaye shi, mutumin da ba ya da waswasi, in haka ta same shi, me zai yi? Ya yi tunani ya ce zai kira maƙwabci. Ta ce to ya kira, sau ɗaya, ya ba wani ajiyar wayar.

Ya kira tela. Tela ya leƙa ya ce ƙofa tana nan a saye, ba wanda ya taɓa, don duk layin ba mai tunanin ƙofar Mai Makulli za ta kwana babu kwaɗo. Sannan ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi, ya kira mai gyaran waya ya zo ya ji. Ya ce zai nemi wani kwaɗon ya sa wa ƙofar. Mijin yayata ya kashe wayar, ya yi sallama, ya miƙa wa yayarsa ita kafin ma ta gama salati.

Inna tana zaune a kan tabarma, ta jingina da bango. Ta ƙanƙance. Ya durƙusa, ta shafa fuskarsa da hannu biyu, ta shafa kafaɗu.

"Ta ce, ka yi ƙiba, ashe ba yunwa ce ta hana ka zuwa ba. Na ce, Inna, ba ki yi mini laifin komai ba, ciwo na yi. Ta ce, na sani, ni na haife ka, ubanka ma sai ya zagaya gida yana taɓa ƙofofi kafin ya kwanta. Sai hannunta ya kai kan abin da nake riƙe da shi. Ta ce, mene ne wannan? Na ce kwaɗo ne. Ta ce, duk shekarun nan, tsarabar ke nan?"

Ta karɓe shi kuwa, ta ce a sa mata a akwatinta, jikoki suna yi mata ɓarnar turare. Ya yi kwanaki a can. Abin ya yi ta ihu a kansa, musamman in gari ya waye, sai ya tashi ya nemi aiki. Ya gyara duk ƙofofin gidan, ya yanke wa Inna farce, ya zauna tana ba shi labarin waɗanda suka mutu da waɗanda suka haihu. Bai karɓi wayarsa ba sai ranar dawowa. Ya sake zuwa bayan nan, ba sau ɗaya ba, kuma yana wurin lokacin da Allah ya karɓi abarsa.

Da ya dawo daga waccan tafiyar ta farko, ya tarar tela ya sa masa wani ɗan kwaɗo na gwangwani, irin wanda yake hana mutane saya, kuma ya ɓatar da makullin a cikin tarin ƙyallaye. Haka ya durƙusa gaban mutanen layi ya buɗe shagonsa da 'yar waya kamar ɓarawo, ana yi masa tafi.

"Ran Talata na shiga, tun ban zauna ba ta ce, ya Inna? Ba ta tambayi ƙofa ba. Sai da na gama ba ta labarin Inna, na kawo kan kwaɗo. Ta riƙe baki ta ce, Mai Makulli, ka ba ni izini in yi dariya? Na ce bismillah. Sai da ta cire tabarau."

"Yanzu ya tafi ke nan gaba ɗaya?"

"Wa ya gaya maka? Yana nan kamar ɗan haya maras biya, wani lokaci ya yi shiru, wani lokaci ya kunna rediyo. Ina shan maganina. Ita kuma sai jifa-jifa nake zuwa yanzu, in ya taso. Makon jiya ma na yi wa tela sallama sau biyu, ya ce zai kai ƙarata."

Yana miƙo mini makullin ke nan sai ga wani mutum a guje, da singileti da takalmi ƙafa ɗaya daban. Ya ce surukarsa ce ta zo ganin jika, ta shiga banɗaki ƙofa ta ƙi buɗewa, tana ciki tana ta kiran sunan iyayensa.

"Tun yaushe?"

"Tun ɗazu. Don Allah yi sauri."

"Kai ne ka ce a yi sauri, ko matarka ce ta ce?" Ya jefa sukundireba da filaya a jaka, ya rataya. Ya dube ni. "Zauna mini a nan, in wani ya zo ka ce ina zuwa. Kada ka taɓa injin, yatsun nan naka su ne kawai abin da ya rage maka."

Ya bi bayan mutumin, suna tafe yana tambayarsa ƙofar ta katako ce ko ta ƙarfe, kuma ta ciki take buɗewa ko ta waje.